Ciwon jijiyar fuska ya dawo bayan tiyata: a sake buɗe kai ko a bi wata hanya?

A hunturun bara, wajen ƙarfe 5 na asuba, Gwaggo ta zuba ruwa a hannu za ta wanke fuska, sai ta saki butar ta dafe bango. Ba ta yi ihu ba, don mai wannan ciwo ko leɓe ba ya iya motsawa idan abin ya taso masa. Jikarta da ke kwana a ɗakin ce ta tarar da ita a sandare, hawaye na bin kumatun dama. Bai fi daƙiƙa 20 ba ya sake ta. Da ta samu bakin magana, abin da ta ce kawai shi ne, "Ya dawo."

Shekara 4 ke nan da yi mata tiyata a bayan kunne, kuma a tsawon shekarun nan ko ƙwaya ɗaya ba ta sha ba. Ta koma cin goro, ta koma aswaki, tana fita tsakar gida cikin sanyin Jos ba tare da ta naɗe fuska ba. Saboda haka da labari ya zaga dangi, sai gidanmu na Unguwar Rogo ya rabu biyu. Baffa ya ce abin da ya yi magani jiya shi zai yi yau, a haɗa kuɗi a sake aikin. Babbar 'yarta kuwa ta ce ai dawowar ciwon ta isa shaida cewa aikin farko asara aka yi, ba za a ƙara fasa kan mahaifiyarta ba. Ni na riƙa kai ta asibiti, kuma abin da na gane a watannin da suka biyo baya shi ne su biyun wuri ɗaya suka yi tuntuɓe: kowannensu ya ɗauka aiki na biyu maimaicin na farko ne. Alhali jijiyar da aka taɓa sau ɗaya ta riga ta canza, wurin da take kwance ma ya canza, kuma kafin a ce a sake ko kada a sake, sai an san abin da ya dawo da ciwon.

Bari mu fara warware wata kalma. A Hausa jijiya jijiya ce, ko ta jini ko ta saƙo, amma a wannan ciwo rigimar tsakanin su biyun take. Jijiyoyin saƙo 12 ne ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa a kowane gefen kai. Ta biyar ɗinsu, wadda likitoci ke kira tirajeminal, ita ce ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin duk abin da ya taɓa fuska, ita ce kuma ke motsa naman da muke tauna da shi. Rassa uku gare ta. Ɗaya ya nufi goshi da ido, ɗaya kumatu da gefen hanci da leɓen sama da haƙoran sama, na ukun muƙamuƙi da leɓen ƙasa da haƙoran ƙasa. Ciwon ya fi kama na biyu da na uku, shi ya sa kusan kowane mai shi wajen likitan haƙori yake farawa. Gwaggo haƙora 3 aka cire mata lafiyayyu kafin wani ya ce a dakata. Dabam take da jijiya ta bakwai, wadda in ta sami matsala baki ke karkacewa. Mutane na yawan haɗa su.

Jijiyar saƙo tana da riga mai maiƙo, kamar robar da ke jikin wayar wuta. A daidai inda jijiya ta biyar ke shiga tushen ƙwaƙwalwa, wani lokaci sai jijiyar jini ta lanƙwaso ta kwanta a kanta. Zuciya na bugawa wajen sau 100,000 a yini, kowane bugu kuma sai jijiyar jinin ta doki ta saƙon. Shekara da shekaru ana haka, rigar takan sale, zaren da ke ɗauke da labarin taɓawa ya haɗu da zaren da ke ɗauke da labarin zafi. Daga nan iskar hunturu, ko ruwan alwala, ko tauna, ko magana, ko aski, sai su isa ƙwaƙwalwa a matsayin tartsatsin lantarki. Zafin yakan ɗauki daƙiƙa kaɗan zuwa minti 2, a gefe ɗaya na fuska, ya lafa, ya sake dawowa. Ya fi samun waɗanda suka haura shekara 50, kuma mata sun fi maza. Tsohon ciwo ne: wani likitan Faransa, Nicolas André, ya bayyana shi a 1756, John Fothergill kuma ya yi cikakken bayaninsa a Landan a 1773. Magani mai ƙarfi bai samu ba sai a 1962, lokacin da aka gano cewa kabamazefin, maganin farfaɗiya da aka fi sani da Tegretol, yana danne shi. Har gobe da shi ake farawa. Sai ya daina aiki, ko kuma yawan da ake buƙata ya kai mutum ga jiri da tangaɗi, sannan ake maganar tiyata.

Tun 1934 Walter Dandy na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya ba da rahoton ganin jijiyoyin jini suna danne wannan jijiya. Peter Jannetta ne, daga 1967, ya shigo da madubin tiyata mai ƙara girman abu cikin lamarin, ya mayar da shi aikin da ake yi yau, ya kuma yi shekaru yana gudanar da shi a Jami'ar Pittsburgh. Ana yi wa mutum allurar barci, a yanka bayan kunne, a huda ƙoƙon kai faɗin santimita 2 zuwa 3, a bi ta gefen ƙaramar ƙwaƙwalwa har a isa jijiyar, a ɗaga jijiyar jinin, a sa ɗan matashi na zaren Teflon, wani nau'in roba, tsakaninsu. Abin da ya fifita wannan aiki a kan sauran shi ne ba a lalata jijiyar. Mutum yakan farka ba ciwo, kuma fuskarsa tana ji kamar da.

A 1996 tawagar Jannetta ta wallafa sakamakon mutum 1,185 da ta yi wa aikin cikin shekara 20, a mujallar New England Journal of Medicine. Bayan shekara 10, kashi 70 cikin 100 ba ciwo ba magani. Kashi 30 ciwon ya dawo musu sosai, kashi 11 kuma an sake yi musu aiki. Mafi yawan dawowar a shekara 2 na farko ta faru, sannan ta riƙa raguwa, har bayan shekara 10 ta koma ƙasa da kashi 1 a shekara. Mutum 2 ne suka rasu sanadin aikin, kusan kashi 1 kuma suka rasa jin kunnen wannan gefe. Abubuwa 4 suka gano suna tafiya da dawowar ciwo: kasancewa mace, ciwon da ya haura shekara 8 kafin a yi aiki, dannewar da jijiya mai mayar da jini zuwa zuciya ta yi maimakon mai harba shi daga zuciya, da kuma farkawa daga tiyata da sauran ciwo. Na karanta wa 'yar Gwaggo waɗannan alƙaluma ne don ta ga cewa a hannun wanda ya shahara da aikin ma, kusan mutum 3 cikin 10 ciwon na dawo musu. Dawowar ba ta nuna an cuce mu. Gwaggo mace ce, kuma ta yi shekara 9 tana fama kafin a yi mata aiki, tana cikin waɗanda tun farko ya kamata a gaya wa cewa abin na iya dawowa.

Tambayar farko: shi ne na da?

Mun bi hanyar Hawan Kibo zuwa Abuja, tagogin mota a rufe ruf saboda iska, fuskarta naɗe da mayafi. Na zata likitan tiyatar ƙwaƙwalwar da muka gani zai fara da hotuna. Sai ya ajiye su gefe ya ce, "Mama, wannan na yanzu, shi ne na da, ko wani ne dabam?" Ta ce, "Shi ne, likita. Wurin nan dai, gefen hanci, kamar an jona mini waya." Ya ce ta rufe ido, ya ɗauki auduga yana taɓa dama yana taɓa hagu, yana tambaya ko ɗaya take ji.

Daga baya na fahimci cewa rabin shawarar a wannan auduga take. Ciwon da ke zuwa bayan tiyata iri biyu ne, kuma maganin ɗaya na iya zama guba ga ɗayan. In tartsatsin nan ne na da, mai zuwa ya wuce, mai wurin tayarwa, kuma fatar tana ji, to ciwon asali ne ya dawo, ƙofofi a buɗe suke. Amma in wani zafi ne mai ƙuna ko zogi wanda ba ya ɗagawa dare da rana, a wurin da fatar ta mutu, ka taɓa kumatu ka ji kamar ba naka ba, irin yadda baki ke yi bayan allurar likitan haƙori, to wannan ciwon jijiyar da ta raunata ne. Duk aikin da zai ƙara ƙona ta ko yanka ta yana iya ƙara masa wuta. Irin wannan sai dai magunguna kamar amitiriftilin ko gabafentin da asibitin kula da ciwo, kuma yana da wuyar sha'ani. Akwai kuma ciwukan da ke shigar burtu: ruɓaɓɓen haƙori na gaske, ciwon mahaɗar muƙamuƙi, da zafin da ke biyo bayan ƙurajen da ƙwayar cutar ƙarambau ke tayarwa a fuskar manya. Wanda ya taɓa ciwon jijiya ba a ce ba zai yi ciwon haƙori ba.

Sannan a yi sabon hoton MRI, wato hoton na'ura mai nuna cikin kai. Babban amfaninsa kore abubuwa biyu: ƙari da ya tsiro kusa da jijiyar, da cutar MS, wadda ke cin rigar jijiyoyi a cikin ƙwaƙwalwa da laka. A wajen matashi, ko wanda ciwon ya kama gefe biyu, wannan bincike ba na wasa ba ne. Sai dai hoton yana da iyaka. Mutane da yawa masu lafiya ƙalau in aka ɗauke su za a ga jijiyar jini na taɓa jijiyar saƙo, kuma wurin da aka riga aka sa Teflon yana da wuyar karantawa.

Ruwa ba ya tsami banza

Likitocin da suka sake buɗe irin waɗannan marasa lafiya sun sha bayyana abin da suke tararwa. Wani lokaci matashin ne ya zame, jijiyar jini ta koma inda take. Wani lokaci akwai wata jijiyar jini ta biyu da ta ɓoye a ƙarƙashi ko a gaba, ba a gan ta ba a karon farko. Jijiyoyi masu mayar da jini da aka ƙona kan sami wasu su tsiro a madadinsu. Su kuma masu harba jini, da shekaru da hawan jini sukan ƙara tsawo su ƙara lanƙwasa, har wadda da take nesa ta iso.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Teflon ɗin kansa. An zaɓe shi ne don jiki bai cika faɗa da shi ba, amma ba kowane jiki ba. A wasu, jiki yakan kewaye shi da tabo, ya taurare ya zama ƙullutu, ya manne da jijiyar saƙo da ta jini gaba ɗaya. Abin da aka sa don ya raba faɗa sai ya zama shi ne ke isar da bugun, ko ma shi ne ke danna jijiyar. Wannan ne ya sa wasu likitocin yanzu suka fi son su janye jijiyar jinin gefe su ɗaure ta ko su manne ta a jikin bangon ƙoƙon kai, kada komai ya taɓa jijiyar saƙon. Kuma wannan ne ya sa aiki na biyu ya fi na farko wuya. A karon farko likita yana bin hanya ce mai tsabta, komai a mazauninsa. A karo na biyu tabo ya liƙe komai, sai an yi ta ɓamɓarar zaren Teflon daga jikin jijiyar da kaurinta bai wuce milimita kaɗan ba, ga jijiyar jin sauti da ta motsa fuska a maƙwabtaka. Aikin na kawo sauƙi ga mutane da yawa, wasu ma na tsawon shekaru, amma mutuwar fata a fuska ta fi yawa bayan na biyu fiye da bayan na farko. Sauran haɗurran, wato yoyon ruwan ƙwaƙwalwa ta wurin ɗinki ko ta hanci, sanƙarau, rashin ji a kunne ɗaya, da shanyewar jiki wadda ba kasafai take faruwa ba, duk suna nan.

Akwai kuma abin da ba a son ji: a buɗe a tarar da komai daidai, matashi na wurinsa, babu abin da ke danne jijiyar. Ita kanta jijiyar ce ta lalace ta ciki. Zan dawo kan wannan, don a nan ne iyali suka fi yin sakaci.

Lokacin da ciwon ya dawo ma yana ba da haske. Wanda ya farka daga aikin farko da ciwonsa, ko ya dawo cikin makonni, zato ya fi ƙarfi cewa ba a kai ga ainihin mai laifin ba, ko kuma tun asali ba dannewa ce matsalar ba. Wanda ya yi shekaru lafiya kamar Gwaggo, an san aikin ya taɓa inda ya dace, wani sabon abu ne ya faru a wurin.

Duk da haka ba a tashi daga dawowar ciwo a faɗa ɗakin tiyata. Ana komawa magani tukuna, kuma sau da yawa ƙwayar da ta gaza kafin aiki takan yi tasiri bayansa da ɗan kaɗan. In kabamazefin ya yi nauyi akwai ɗan'uwansa okskabazefin, ana kuma haɗawa da bakulofen ko lamotirijin. Abin lura a nan: kabamazefin na rage gishirin jini, musamman a jikin tsofaffi, har mutum ya riƙa ruɗewa ana cewa tsufa ne. Yana iya kawo ƙuraje masu haɗari a makonnin farko, yana kuma rage ƙarfin wasu magunguna, ciki har da ƙwayoyin tazarar haihuwa da wasu na tsinka jini. Ba maganin da za a saya a kemis a riƙa ƙara wa kai ba ne, kuma ba a yanke shi rana ɗaya. Sannan wannan ciwo yana da halin ɓacewa da kansa na watanni, har shekara, ya dawo. Da yawa daga cikin waɗanda suka rantse cewa wani jiƙo ko turare ne ya warkar da su, lokacin hutun ciwon suka dace da shi. Ban raina addu'a ba, Gwaggo ba ta taɓa barin ta ba, mu ma haka. Abin da nake jin takaicinsa shi ne a ce wa baiwar Allah jifa ne ko iska, a yi ta karɓar kuɗinta, shekaru suna tafiya, alhali daɗewar ciwo kafin aiki na cikin abin da ke rage nasararsa.

Hanyoyin da ba a buɗe kai

Sauran hanyoyin duk dabara ɗaya ce: a raunata jijiyar da gangan, daidai gwargwadon da zai yanke tartsatsin. Uku daga ciki da allura ake yi. Ana soka doguwar allura ta kumatu, kusa da kusurwar baki, a bi da ita da hoton na'ura har ta shiga wata 'yar kafa a gindin ƙoƙon kai, inda rassan nan uku suke haɗuwa. Daga nan ko a ɗumama bakin allurar a ƙona zaren zafi, hanyar da Sweet da Wepsic suka bayyana a 1974, ko a zuba wani ruwa mai kauri da ake kira gilisirin, wadda Håkanson na ƙasar Suwidin ya bayyana a 1981, ko a hura ɗan balan-balan ya matse jijiyar na ɗan lokaci, wadda Mullan da Lichtor suka bayyana a 1983. Ana gamawa cikin ƙanƙanin lokaci, sauƙi na zuwa nan take, kuma tsoho mai ciwon zuciya ko suga wanda dogon barcin tiyata zai yi wa haɗari yana iya jurewa. Ta huɗun ita ce gashi, wato gasa jijiyar da haske mai ratsa jiki, wadda aka fi sani da na'urar Gamma Knife da Lars Leksell na Suwidin ya ƙirƙiro. Ba yanka ba allura, ana tattara hasken ne a ɗigo ɗaya a kan jijiyar. Mutanenmu kan je Alkahira ko Indiya dominta. Sai dai sauƙinta ba ya zuwa sai bayan makonni, wani lokaci watanni, don haka wanda ciwo ya hana shi ci da sha ba shi da lokacin jiranta.

Kuɗin da ake biya a waɗannan hanyoyi shi ne ji. Gwargwadon yadda aka kashe fata, gwargwadon daɗewar sauƙin. In aka tausaya wa jijiyar, ciwon ya fi saurin dawowa. Gaba ɗaya dai sun fi aikin bayan kunne yawan dawowa cikin 'yan shekaru. Ana iya maimaita su, wannan alheri ne, amma kowane maimaici yana ɗora rauni a kan rauni. In abin ya taɓa reshen ido, ido ya daina jin ƙura ko tsinke, zai iya yin gyambo mutum bai sani ba, kuma duk wanda ya san ƙurar hunturu a Farin Gada ko Taminus ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Naman tauna kan yi rauni na ɗan lokaci, musamman bayan balan-balan. Mafi muni, kodayake 'yan kaɗan yake samu, shi ne fuska ta mutu kuma ta riƙa ƙuna ba tsayawa. An gudu ba a tsira ba, kuma shi wannan ba a iya mayar da shi baya.

Wanda aikinsa na farko allura ne ko gashi, ciwo ya dawo, bai rasa damar aikin bayan kunne ba. In yana da ƙarfin jiki kuma hoto ya nuna jijiyar jini na danna, ana yi masa, kuma a ganina ya fi a ci gaba da ƙona jijiyar sau uku sau huɗu.

To wa ya kamata a sake buɗewa? Ra'ayina, bayan duk abin da na gani na kuma karanta, shi ne mutumin da tartsatsin asali ne ya dawo masa, fatarsa na ji, aikin farko ya ba shi shekaru, jikinsa zai ɗauki allurar barci, magani kuma ya gaza, bai kamata tsoro kaɗai ya hana shi aiki na biyu ba. Wanda shekaru da wasu cututtuka suka yi wa nauyi, ko wanda aka taɓa buɗewa ba a ga komai ba, ko mai cutar MS, allura ko gashi sun fi dacewa da shi. Amma hannun da zai yi aikin yana da muhimmanci ƙwarai. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo da Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja duk suna da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa, kuma nan ne wurin fara neman shawara, ba wajen dillalan tafiya asibitin waje ba. Sai dai ko a ina ne, a gida ko a waje, a tambayi likita kai tsaye sau nawa yake yin wannan aiki a shekara, kuma sau nawa ya yi na biyu. Mu Hausawa muna jin nauyin irin wannan tambaya, muna ganin kamar raini ne. Likitan kirki ba ya jin haushinta, wanda muka gani da kansa ya faɗa mana kafin mu tambaya.

Abin da ya fi ba mu wahala takarda ce. Likita ya nemi rahoton aikin farko, wanda ke faɗin wace jijiyar jini aka tarar, mai harbawa ce ko mai mayarwa, me aka sa, an ƙona wani abu ko an taɓa jijiyar. Abin da ke hannunmu takardar sallama ce mai shafi ɗaya da rasiɗan kuɗi. Asibitin da aka yi aikin a ƙasar waje yake, wanda ya yi mana hanya kuma ya daina ɗaukar waya. Wata 2 muna aika saƙo kafin rahoton ya iso. Ya nuna jijiya mai harba jini aka tarar, aka sa Teflon, ba a yanki komai ba. Layi uku ne, amma su suka sa likita ya ce aiki na biyu yana da ma'ana. Duk wanda za a yi wa nasa irin wannan aiki, kada ya bar asibiti sai da wannan rahoto da faifan hotunansa.

Yanzu batun da na ce zan dawo kansa. In aka buɗe ba a ga abin da ke danna ba, likita na da zaɓi uku a gabansa: ya rufe ya fito, ko ya tsefe jijiyar a tsaye da ɗan siririn ƙarfe kamar ana tsefe kitso, don zarurrukan su rabu, ko ya yanke wani sashe nata. Tsefewa kan bar mutuwar fata, yawanci daidai gwargwado. Yankewa ta fi kashe fata, kuma ba ta gyaruwa. A lokacin da za a yi wannan zaɓi, mai fuskar tana barci. Saboda haka dole a yanke shi tun ana zaune a ofis, da bakinta, ba da bakin ɗa ko ƙane ba. A gidajenmu an saba maza su shiga wajen likita su fito su ce an gama magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wani zai ce a kashe fuskar gaba ɗaya in dai tartsatsin zai tafi, wani kuma ba zai iya rayuwa yana tauna kumatunsa bai sani ba, yawu na zuba ta gefen baki.

Da likita ya gama yi wa Gwaggo wannan bayani, ta yi shiru, sannan ta ce, "Likita, in an yanke, zan ji ruwa in na yi alwala?" Ya ce a wannan gefen mai yiwuwa ba za ta ji ba. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Ɗana, ka rubuta. In sun shiga ba su ga komai ba, su tsefe, kada su yanke." Na rubuta, likita ma ya rubuta a fayil ɗinta.

Hoton MRI bai nuna ƙari ba, ya nuna ɗan kauri a inda matashin yake, wanda likita ya ce zai iya zama tabo. Shekarunta 68, hawan jininta na kan magani, zuciyarta lafiya. A yanzu Tegretol kaɗan take sha, bai kai rabin wanda take sha kafin aikin farko ba, kuma yana riƙe ta. An tsayar da cewa ranar da ya kai ta ga tangaɗi, ko ciwon ya fara hana ta abinci, za a sake aikin bayan kunne. Baffa ya fara ajiye kuɗin, 'yarta kuma ita ke dafa ruwan alwala ta zuba a fulas tun dare. Ranar Litinin mai zuwa zan kai ta gwajin gishirin jini.